Asalin Kalmomin Nazarin Adabi a Ƙasar Katsina

Tun kafin zuwan Turawa, malaman zaure a Katsina suna koyar da balaga, wato ilimin ƙawata zance, da aruli, wanda shi ne ma'aunin karin waƙa, duka da Larabci. Bayan buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda Abubakar Imam ya yi karatu, sai darasin Ingilishi ya shigo da nasa kalmomin fiɗa, har daga bisani masana irin su Abdulƙadir Ɗangambo suka daidaita na Hausa: jigo, manufar marubuci; kamance, kwatanta abu da wani; mutuntarwa, bai wa abu halin ɗan'adam. Waɗannan kalmomin ne ɗaliban Mazanya da Jibiya ke karantawa yau, alhali makwabtansu na Maraɗi da Faransanci suke koyon nasu.