Akori-kurar Baba da Hanyoyin Garwa

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, babu wanda ya waiwayi tsohuwar akori-kurar da ke ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida. Peugeot 404 ce, irin wadda mutanen Garwa ke kira "bashe" saboda tamfol ɗin da ake rufe bayanta da shi. Tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji na ƙwai a kujerar direba. Babban wanmu ya ce a kira masu sayen tsohon ƙarfe su auna ta. Na ce, "Yaya, a sa mini ita a kasona." Aka yi mini dariya, aka kuma ba ni.

Wanda bai san yadda kaya ke shigowa Garwa a da ba, ba zai gane darajar motar nan ba. Garwa gari ne na bakin kogin Binuwai. Zamanin Turawa, sai damina ta yi nisa ruwa ya cika, sannan jiragen ruwa ke haurowa daga Najeriya da gishiri da siminti da man fetur, su koma da gyaɗa da auduga. 'Yan watanni ne kawai a shekara. Yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya datse wannan hanya, kuma ba ta sake komawa yadda take ba. A 1974 layin dogo ya iso Ngaundere, kayan Duwala suka koma zuwa ta jirgin ƙasa, manyan motoci su ƙarasa da su arewa. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin auduga na Sodecoton, hedikwatarsa a Garwa. Da aka gama madatsar ruwa ta Lagdo a 1982, tashar jiragen ta ƙara yin shiru.

Kogi ya sauke kaya, hanya ta ɗauka. Amma babbar mota iyakarta bakin kwalta. Mai shiga ƙauye ya kwaso dawa da gyaɗa da albasa, ya kai wa manoma gishiri da kananzir, ita ce akori-kura. A wannan zamani Baba ya sayi tasa. Kowace Lahadi yana kasuwar Pitoa, sauran ranaku yana hanyar Gidar ko Gashiga. Da ita aka biya mana kuɗin makaranta, da ita aka kai amaren unguwarmu ɗakunansu, da ita aka kai gawawwaki da dama makwanci.

Abin da ya sa irinta suka daɗe shi ne sauƙin gyara. Injin fetur ne mai silinda 4 da kafireta, giyarta a jikin sitiyari, babu kwamfuta ko ɗaya. Tun da masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kayan gyara suka wadata a kasuwannin Yola da Mubi, 'yan kasuwa na tsallako da su. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, farashin kayan waje ya tashi, sabuwar mota ta gagari irin su Baba. Makanikai suka ƙara ƙwarewa wajen raya abin da ya mutu: a yi wa lagireto walda, a yanka gasket da hannu, a ciro sifirin wata a ɗaura wa wata.

Ɗaya daga cikinsu na nema, dattijo ne da ya daina aiki. Ya buɗe bonet, ya shafa wani ɗinkin walda, ya ce, "Ɗana, wannan hannuna ne." Wata 14 muka yi. Tsatsa ta cinye ƙasan bodi, sai da muka sa sabon ƙarfe. Kafireta kuwa sai a Mubi aka samo. Kuɗin da na kashe ya kai na sabon babur, maiɗakina ba ta gaji da tuna mini ba.

Wuri ɗaya na hana a taɓa: ƙofar direba, inda gwiwar hannun Baba ta goge fenti har ƙarfe ya fito. Ranar da injin ya tashi, Yaya na ɗauka muka nufi Pitoa. Har muka isa bai ce uffan ba. Da muka tsaya, wani tsoho mai sayar da dawa ya taso ya leƙa ta taga, ya tambaye mu ina mai motar.