Daga Fagen Kaka Zuwa Takobin Ƙasa: Tarihin Mabiya Kokawa a Ƙasar Kabi

Kallon kokawa daban, bin kokawa daban. Ɗan kallo yakan je fage ya ga kaye, ya yi sowa, ya koma gida. Mabiyi kuwa ya san wanda ya kayar da wane bara, ya san wanda ke tashe da wanda ƙarfinsa ya fara ja baya, kuma yana ƙirga kwanakin da suka rage kafin gasa ta gaba. Ƙasar Kabi ta daɗe da 'yan kallo. Mabiya kuwa daga baya aka same su, kuma a garuruwa irin su Augie idonsu ya fi karkata ga ƙetaren iyaka. Wannan yana da dalili a tarihi.

Augie tsohon gari ne na Kabawa a kwarin Gulbin Rima, arewa da Argungu, inda rayuwa ta dogara ga noman fadama da su. A irin wannan ƙasa kokawa wasan kaka ce. Idan amfanin gona ya shiga rumbu, samarin wani gari sukan ɗauki makaɗansu su tafi wani garin neman abokan karawa. Ɗan kokawa ya ɗaura walki, ya yi ɗamara da guru da layu, ya yi kirari, a shiga fage. Wanda ya kai ƙasa an kayar da shi. Labarin baka ma yana cewa Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, da ƙarfin damtse ya fara yin suna a fagen samari kafin ya yi suna a fagen yaƙi.

Sai dai wannan fage ba shi da magatakarda. Ma'ajiyar tarihinsa bakin makaɗi ce. Wanda ya yi dacen samun mawaƙi sunansa ya wanzu, kamar yadda Ɗan Anace ya raya sunan Shago a fagen dambe har yau. Wanda bai samu ba, ko da ya shekara goma bayansa bai taɓa ƙasa ba, labarinsa yakan bi tsararsa zuwa kushewa.

Domin a gane abin da ke mayar da ɗan kallo mabiyi, yana da kyau a leƙa Japan, inda kokawar sumo ta bi wannan hanya har ƙarshenta. Ita ma tushenta na haɗe da bukukuwan roƙon albarkar gona. Tun ƙarni na 18 masu shirya ta suke buga takardar jerin 'yan kokawa bisa matsayi, wadda ake kira banzuke, ana sabunta ta kafin kowace gasa. A 1928 gidan rediyon ƙasar ya fara watsa wasannin kai tsaye, abin da ya tilasta aka ƙayyade lokacin da 'yan kokawa za su ɓata suna harare-harare kafin su kama juna, don kada shirin ya wuce sa'arsa. Daga 1958 aka tsayar da manyan gasa shida a shekara, kowace ta kwana 15: uku a Tokiyo, ɗaya a Osaka, ɗaya a Nagoya, ɗaya a Fukuoka. Ɗan kokawar babban rukuni da ya yi nasara sau takwas cikin goma sha biyar matsayinsa yakan ɗaga, wanda ya gaza kuma ya sauka. Shi ya sa mutumin da bai taɓa shiga zauren wasa ba zai iya faɗin cewa Hakuho, ɗan asalin Mongoliya, ya ci gasa sau 45, kuma babu mai musa masa. Lokaci sananne, lissafi rubutacce, da murya mai kai labari gida: da waɗannan aka gina mabiyin sumo.

A ƙasar Hausa, Jamhuriyar Nijar ce ta ɗauki wannan hanya. A 1975, shekara guda bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki, aka shirya gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakara. Gwamnatin soja tana neman abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare a inuwa guda, sai ta same shi a fagen kaka. Tsarin da ya kafu mai sauƙin bi ne. Kowace jiha cikin takwas tana kawo 'yan kokawa goma, jimla 80, ana karawa kimanin kwana goma, kuma gasar tana zagaya jihohi. Wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, ko da yake zai ci gaba da kare sunan jiharsa. Kowace yamma adadin waɗanda ba a kayar ba yana raguwa, har a wayi gari saura biyu. Rediyo da talabijin na ƙasa suna watsa wasan, da Hausa da sauran harsuna. An kuma raɗa wa fagagen sunayen tsofaffin zakaru: na Maraɗi sunan Kantu, na Dosso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram sunan Langa-Langa.

Iyakar da Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba Arawan Kangiwa da na Dogon Dutsi, ta raba Kabi da Dosso, amma ba ta iya tare muryar rediyo. Mai sauraro a Augie yana jin harshensa, yana jin kiɗan da ya saba da shi, sunayen 'yan kokawar ma irin na maƙwabtansa ne. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 Najeriya ta rufe iyakar, ba ta buɗe ba sai Maris na 2024. A cikin wannan tsakani aka yi gasa ta 44 a Agadas, inda Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi karo na shida. Shinge ya hana motocin kaya wucewa, amma hotunan kaye sun ratso ta WhatsApp da Facebook.

A wannan ɓangare na iyaka, babban fagen kokawa shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016. Kokawa da dambe suna cikin shagulgulansa, amma 'yan rakiya ne, ango shi ne su a Matan Fada. Bikin kansa ya yi kusan shekara goma a kwance kafin a farfaɗo da shi a 2020. A gasar wasanni ta ƙasa ma kokawa ɗaya ce cikin wasanni barkatai. Wasan da ba a san ranar dawowarsa ba, ba a kuma ajiye sunan wanda ya ci shi, da wuya ya tara mabiya.

Asarar ba ƙarama ba ce. Ɗan kokawar da ba shi da lissafin nasarori ba shi da abin da zai nuna wa mai ɗaukar nauyi, don haka ƙarfinsa na 'yan shekaru ne, ladansa kuma bai wuce karin da 'yan kallo suka yi masa a fage ba. Yaron da ya tashi a Augie zai iya jero zakarun Dosso da na Maraɗi, amma zai yi wuya ya ambaci wanda ya gagari kaye a ƙasar Argungu shekara talatin da suka wuce, alhali wataƙila kakansa ne.

Tarihin Tawa da na Tokiyo ya nuna cewa gyaran bai fi ƙarfin masarauta ko jiha ba. Ana bukatar mako guda sananne bayan girbi wanda ba ya gocewa, da littafi guda da za a riƙa rubuta wanda ya kayar da wane, da gidan rediyon da zai karanta shi kowace yamma. Tsofaffin da suka ga manyan karawar da aka yi a fagagen Kabi suna nan da sauran ransu, kuma daga bakinsu ya kamata a cika shafukan farko na littafin.