Yadda Sauya Sheƙa Ya Zama Al'adar Masu Asusun ISA a Birtaniya

Da zarar watan Maris ya kama, bankunan Birtaniya sai su cika jaridu da tagogin rassansu da tallar asusun ajiya. Dalili shi ne shekarar haraji a ƙasar tana ƙarewa ranar 5 ga Afrilu, sabuwa ta soma washegari, kuma duk wanda bai yi amfani da kason da gwamnati ta ba shi na ajiyar da ba a cire wa haraji ba, wato ISA, kafin wannan rana, to ya tafi ke nan, ba a ɗaga masa zuwa baɗi. A wannan lokaci ne kuma masu ajiya suke duba takardunsu su ga ko bankin da ya yaudare su da kuɗin ruwa mai tsoka bara ya zaftare shi bana. In ya zaftare, sai su tattara su koma wani. Yau abin kamar wasa ne, ana yin sa ta waya. Amma an sha fama kafin a zo nan.

Tushen abin yana komawa zamanin Margaret Thatcher, wadda gwamnatinta ke son ta ga talaka ya mallaki hannun jari. Ministan kuɗinta, Nigel Lawson, ya sanar da shirin PEP a kasafin 1986, aka soma shi a 1987: mutum ya zuba har fam 2,400 a shekara a hannun jari, ribar da ya samu ba ruwan hukumar haraji da ita. Sai dai shirin ya fi amfanar masu hannu da shuni, domin yawancin mutane ba su saba da kasuwar hannun jari ba, ajiyarsu tana banki ne ko a ƙungiyoyin nan da ke karɓar ajiya su ba da rancen sayen gida. Domin su ne John Major, a kasafi guda ɗaya tak da ya gabatar yana ministan kuɗi a 1990, ya ƙirƙiro TESSA, wanda aka buɗe a Janairun 1991. Ana iya tara har fam 9,000 cikin shekara biyar, amma da sharaɗi mai tsauri: wanda ya taɓa uwar kuɗin kafin wa'adin ya cika, ya yi asarar rangwamen harajin. Tun daga nan aka koya wa mai ajiya cewa hikima ita ce ya ajiye ya kau da kai.

Ministan kuɗi Gordon Brown ne ya kawo asusun ISA ranar 6 ga Afrilu 1999, ya maye gurbin shirye-shiryen biyu da shi. An cire sharaɗin shekara biyar, mutum yana iya cire kuɗinsa ranar da ya ga dama. Kason shekara fam 7,000 ne, wanda fam 3,000 kawai za a iya ajiyewa a tsabar kuɗi, sauran sai hannun jari ko inshorar rai. An kuma raba asusun gida biyu, ƙarami da babba, rabon da ya rikita jama'a har aka soke shi a 2008.

Ga inda gizo ke saƙar. ISA ba wani kuɗi ba ne na daban, rumfa ce da gwamnati ta kafa, abin da ke ƙarƙashinta haraji ba ya taɓa shi. Wanda ya yi shekara biyar yana cike kasonsa na fam 3,000 ya tara 15,000 da 'yan kai. In ya ji haushin bankinsa ya je ya cire kuɗin ya riƙe a hannu, to sun fita daga rumfar, kuma ba zai iya mayar da fiye da kason shekara ɗaya ba. Hanya ɗaya ce ta tsira: ya je sabon bankin ya cike takardar neman a ɗauko masa ajiyarsa, bankunan biyu su yi ta tsakaninsu, shi ko taɓa kuɗin kada ya yi. Doka ta ba shi wannan 'yanci tun farko. Sai dai ta bar aiwatar da shi a hannun wanda ba ya son a tafi.

Yadda ake yi a lokacin abin dariya ne ga ƙasar da ke tinƙaho da cewa babban birninta cibiyar hada-hadar kuɗi ce ta duniya. Sabon banki ya aika wa tsohon wasiƙa ta gidan waya. Tsohon ya rufe asusun, ya rubuta caki, ya haɗa da takardar tarihin asusun, ya sake jefawa a gidan waya. Takarda kan ɓace, caki kan kwana a kan tebur, mai kuɗi kuwa ya yi ta buga waya kowane ɓangare na ɗora wa ɗaya laifi, wani lokaci ma kuɗin suna tsakiya ba sa haifar ko kwabo. Wanda ya ɗanɗana sau ɗaya ba ya marmarin na biyu.

Bankuna sun fahimci haka sarai, suka gina kasuwanci a kai. Sai a fito da sabon asusu da kuɗin ruwa mai jan hankali, a ciki akwai ƙarin da zai ƙare bayan wata goma sha biyu. Jama'a su yi tururuwa. Shekara na zagayowa ƙarin ya faɗi, a rufe asusun ga sababbin masu shiga, a ƙirƙiro wani mai kusan suna iri ɗaya a ci gaba da talla. Tsohon abokin hulɗa yana ganin tallar ya ɗauka nasa ake nufi. Wasu asusun masu kyau ma a fili ake rubuta cewa sabon kuɗi kawai suke karɓa, ban da wanda aka ɗauko daga wani wuri. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, kuma a nan an san mai rabon.

Muddin kuɗin ruwa na sama, mutane ba su damu sosai ba. A tsakiyar 2007 Babban Bankin Ingila yana kan kashi 5.75 cikin ɗari. Sai rikicin kuɗi ya zo, aka ga layin masu cire ajiya a ƙofar bankin Northern Rock a Satumban 2007, bankin Icesave na ƙasar Aisland ya durƙushe a Oktoban 2008 da ajiyar 'yan Birtaniya masu yawa, cikinsu har da waɗanda suka bi shi saboda yawan kuɗin ruwansa. Zuwa Maris 2009 babban bankin ya sauko zuwa kashi 0.5. A watan Maris na 2010 hukumar kare masu saye, Consumer Focus, ta kai ƙara ta musamman gaban ofishin da ke sa ido kan adalci a kasuwanci, wato OFT, tana cewa masu ISA na tsabar kuɗi wajen miliyan 15 ana cutar su ta hanyar jan ƙafa da ɓoye musu abin da ajiyarsu ke samu. A watan Yuni aka cim ma matsaya: lokacin ɗauke ajiya ya sauko daga ranakun aiki 23 zuwa 15, kuma banki ya riƙa buga yawan kuɗin ruwan a jikin takardar bayanin asusu. A duba wannan na biyun da kyau. Sai da aka yi shekara goma sha ɗaya da kafa ISA kafin banki ya amince ya riƙa faɗa wa mutum, a takardar da yake aika masa, nawa yake biyan sa.

Daga baya aka samar da hanyar tura ajiyar ta na'ura tsakanin bankuna, cakin gidan waya ya ja baya, masu harkar kuma suka ɗaukar wa kansu alkawarin kammala mafi yawan buƙatu cikin ranakun aiki bakwai. Shafukan intanet masu jera bankuna bisa abin da suke biya, da masu wayar da kai irin su Martin Lewis, suka mai da sauya sheƙa abin da ake zancensa a talabijin da yamma. Ministan kuɗi George Osborne ya ɗaga kason zuwa fam 15,000 a Yulin 2014, ya kuma yarda a juya ajiyar hannun jari ta koma tsabar kuɗi, abin da a da ba ya yiwuwa. A 2017 kason ya kai fam 20,000.

Abin mamaki, daidai lokacin da hanya ta gyaru sai tafiyar ta rasa daɗi. A Afrilun 2016 aka yafe wa mai biyan haraji a mataki na farko harajin fam 1,000 na kuɗin ruwan da ya samu a kowane irin asusu, mai mataki na sama kuma fam 500. Idan banki na biyan kashi 0.5, sai mutum ya ajiye fam 200,000 kafin ya samu 1,000. Jama'a da yawa suka ga ISA ba ta da sauran amfani, balle da babban bankin ya sauko zuwa 0.1 a Maris 2020. Waɗanda suka kwashe kuɗinsu a wannan tsakanin sun yi cizon yatsa, domin daga Disamban 2021 kuɗin ruwa ya fara hawa har ya kai 5.25 a Agustan 2023. A kashi 5, fam 20,000 kaɗai ta isa ta cinye rangwamen. Manyan bankuna kuwa suka yi saurin ƙara wa masu bashi, suka yi nawa wajen ƙara wa masu ajiya, har sai da hukumar FCA mai sa ido kan harkar kuɗi ta kira shugabanninsu a Yulin 2023 ta nemi bayani.

Musulmin Birtaniya ma suna cikin wannan kasuwa ta tasu hanyar. Bankuna irin su Al Rayan da Gatehouse suna da ISA da ke bin tsarin shari'a, inda ake faɗin ribar da ake sa ran samu maimakon ruwa, kuma ƙa'idar ɗauke ajiya ɗaya ce da ta sauran.

Gyara na baya-bayan nan ya zo a Afrilun 2024: an halatta buɗe ISA iri ɗaya a banki fiye da ɗaya cikin shekara guda, kuma ana iya ɗauke wani ɓangare na abin da aka zuba a shekarar da ake ciki, ba dole sai duka ba. Tarkon da ya rage shi ne na asusun da aka ƙulle na shekara ɗaya ko biyu ko biyar, inda mai fita kafin lokaci yake biyan tarar kuɗin ruwan wasu watanni, wanda ya manta ranar cikar wa'adi kuma banki ya sake ƙulle masa ko ya jefa shi asusun da ba ya biyan abin kirki. A kasafin Nuwamban 2025, ministar kuɗi Rachel Reeves ta sanar cewa daga Afrilun 2027 'yan ƙasa da shekara 65 ba za su zuba fiye da fam 12,000 na tsabar kuɗi a shekara ba, da nufin tura sauran zuwa hannun jari, irin burin da Lawson ya fara da shi. Ragin ya shafi sabon zubi ne. Abin da aka riga aka tara a shekarun baya yana nan, ana kuma iya ɗauke shi daga wannan banki zuwa wancan.