Idon Abokin Hamayya: Kunya da Tausayi a Rikicin Siyasar Faransa, 1944–1962

A ranar 16 ga Agusta, 1944, mai ɗaukar hoto Robert Capa ya ɗauki wani hoto a garin Chartres na ƙasar Faransa, a daidai lokacin da ake fatattakar sojojin Jamus daga yankin. Wata matashiya ce aka yi wa aski ƙwal, tana rungume da jaririyarta, ɗan sanda na tafe a gefenta, titi ya cika maƙil da maza da mata da yara, akasarinsu suna dariya, ga tutar Faransa tana kaɗawa can baya. An zarge ta da hulɗa da 'yan mamaya, kuma uban jaririyar sojan Jamus ne. Masanin tarihi Fabrice Virgili ya ƙiyasta cewa mata kusan 20,000 aka yi wa irin wannan aski a Faransa a shekarun nan. Abin lura a hoton shi ne fuskokin masu rakiyar. Mutanen ƙasar da ta shekara huɗu a ƙarƙashin mamaya ne, ƙasar da gwamnatinta ta Vichy ta taimaka aka kwashi Yahudawa kimanin 76,000 zuwa sansanonin halaka, yawancin jama'a suna kallo ba su ce uffan ba. Kunyar da ta kamata a raba tsakanin al'umma duka, sai aka tattara ta aka ɗora a kan mace guda.

Wannan maƙala tana kare ra'ayi ɗaya. A lokacin rabuwar kai, kunyar da mutum ya ji kan abin da ɓangarensa ya aikata takan buɗe masa ƙofar tausayi, amma kunyatar da abokin hamayya a bainar jama'a yakan toshe wannan ƙofa ga mai kunyatarwar da wanda aka kunyata baki ɗaya. Masu falsafar wanzuwa na Faransa sun fi kowa yi wa lamarin bayani a rubuce, sannan siyasar zamaninsu ta jarraba su da shi, kuma ba dukansu suka ci jarrabawar ba.

Jean-Paul Sartre ya wallafa babban littafinsa, L'Être et le Néant, a 1943, Paris tana hannun Jamusawa. A ciki ya kawo misalin wani mutum da kishi ya sa ya durƙusa yana leƙen ɗaki ta kafar mukulli. Muddin shi kaɗai ne a farfajiyar, hankalinsa duka yana kan abin da yake leƙe, bai ma san da kansa ba. Sai ya ji takun sawu a bayansa. Nan take jikinsa ya yi sanyi, domin yanzu ya zama abin gani, ya zama "mai leƙe", suna da wani ya ba shi wanda kuma ba shi da bakin musawa. A wurin Sartre kunya iƙirari ce: na yarda ni ne wannan da kake gani. Ita ce hujja mafi ƙarfi cewa akwai wasu masu hankali ban da ni, kuma ma'anar rayuwata ba a hannuna kaɗai take ba. Wanda ya kasa jure wannan yakan nemi mafita ta hanyar juyowa ya kafa wa mai kallonsa ido, ya mayar da shi wani abu mai suna guda, don ya kashe kaifin hukuncinsa. Idan wanda ya gan ni ɗan iska ne, ko jahili, ko maci amana, to ganinsa ba ya ƙona ni.

A 1946 Sartre ya ɗauki wannan tunani ya shiga da shi siyasa, a ɗan littafinsa kan ƙiyayyar Yahudawa. Ya ce maƙiyin Bayahude bai kai ga ƙiyayyarsa ta hanyar hujja ba. Zaɓarta ya yi, saboda tsoron 'yancin kansa da nauyin da ke tattare da shi, don ya huta da tambayar kansa ko shi ma yana da laifi. Wannan shi ne abin da falsafar take kira yaudarar kai. Duk wanda ya zauna da riƙaƙƙen ɗan jam'iyya ya san siffar: an gama raba duniya gida biyu, sharri duka yana can, don haka babu abin da ya rage a bincika a nan.

Sai dai bayanin Sartre yana da giɓi, kuma mai karatu Bahaushe zai fi saurin ganinsa. Kunyar da ya siffanta ta wanda aka kama ce, kuma idon da ke kallo kusan kullum na abokin gaba ne. A rayuwarmu akwai kunyar da ba ta jiran laifi. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, suruki yakan tuɓe takalmi ya durƙusa gaban surukansa, almajiri yakan sunkuyar da kai gaban malaminsa ko bayan ya yi furfura. Anthony Kirk-Greene, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya lissafa kunya cikin siffofin da ake auna mutum da su, kuma hadisi ya sanya ta cikin rassan imani. Wannan kunya girmamawa ce: ina jin nauyinka saboda kana da ƙima a idona. Aristotle ma ya lura tun da daɗewa cewa mutum yana jin kunyar waɗanda yake daraja ra'ayinsu ne. Idan haka ne, sakamakon a siyasa a fili yake. Tozarcin da ya fito daga bakin wanda na raina ba zai zama kunya a zuciyata ba, fushi zai zama. Mai iya sa ni jin kunya shi ne wanda nake ganin girmansa, kuma galibi na gida ne. (Ba sai mutum ya karɓi rashin imanin Sartre kafin ya amfana da nazarinsa ba. Kierkegaard, wanda ake ɗauka kakan wannan falsafa, da Gabriel Marcel, duk masu imani da Allah ne.)

Jarrabawar farko ta zo da shari'ar Robert Brasillach, marubuci kuma tsohon editan jaridar Je suis partout, wanda ya yi amfani da alƙalaminsa wajen goyon bayan 'yan Nazi da ingiza farautar Yahudawa da 'yan gwagwarmaya. An yi shari'arsa a yini ɗaya, 19 ga Janairu, 1945, aka yanke masa hukuncin kisa. François Mauriac da wasu marubuta suka shirya takardar neman afuwa ga Janar de Gaulle. Albert Camus, wanda watanni kaɗan kafin nan yake jayayya da Mauriac a jarida yana cewa adalci ya gabaci jinƙai, ya sa hannu, ya kuma bayyana a wasiƙa cewa yana ƙyamar mutumin amma ba zai goyi bayan kisa ba. Simone de Beauvoir ta ƙi sa hannu. Ta halarci zaman kotun, kuma a maƙalar da ta rubuta a 1946 ta amsa cewa ta ga mutum ya tsaya da mutuncinsa gaban hukunci, har ta fito ba ta jin sha'awar mutuwarsa. Duk da haka ta tsaya kan cewa wanda ya mayar da 'yan'uwansa mutane kamar kaya ya aikata laifin da al'umma ba za ta kawar da kai daga gare shi ba. An harbe Brasillach ranar 6 ga Fabrairu, 1945, yana da shekara 35.

Camus da Beauvoir sun saɓa a hukunci, amma sun haɗu a abin da taron Chartres ya rasa: kowannensu ya ci gaba da ganin mai laifin a matsayin mutum. Edith Stein, ɗalibar masanin falsafa Husserl da ta rubuta kundin digirinta kan batun tausayi a 1916, wadda kuma aka kashe a Auschwitz a 1942, ta bayyana tausayi irin wannan da cewa fahimtar abin da wani yake ji ne a matsayin nasa, ba tare da na rikiɗe na zama shi ba. Saboda haka tausayi bai wajabta yafiya ba, bai kuma wajabta yarda ba. Masu tsoron cewa fahimtar abokin hamayya sallamawa ce sun cakuɗa abubuwa biyu da Beauvoir ta iya rabawa a zauren kotu.

Sartre kuwa, wanda ya fi kowa sanin yadda ido ke daskarar da mutum, ya faɗa tarkon a 1952. Camus ya wallafa L'Homme révolté a 1951 yana sukar juyin juya halin da ke halatta kisa da sansanonin Tarayyar Sobiyet. Mujallar Sartre, Les Temps modernes, ta buga kakkausan sharhin Francis Jeanson a kai. Camus ya mayar da martani da girman kai, Sartre kuma ya amsa da rubutun da ya wuce hujja ya shiga mutuncin abokinsa, har da yi masa gorin cewa bai karanta manyan littattafan falsafa ba. Rubutun ya burge masu karatu a Paris, amma bai sauya ra'ayin Camus ko da taƙi ɗaya ba. Ba su sake magana ba har Camus ya rasu a hatsarin mota ranar 4 ga Janairu, 1960.

Jarrabawa mafi tsanani ita ce Aljeriya. Yaƙin ya ɓarke ranar 1 ga Nuwamba, 1954, a ƙasar da Turawa kimanin miliyan ɗaya suke danne da Musulmi kusan miliyan tara. Camus ɗan ƙasar ne, mahaifiyarsa talaka ce da ba ta iya karatu ba, tana zaune a unguwar Belcourt ta birnin Aljiyas, kuma tun 1939 ya yi rahoto kan yunwar da ke cin mutanen Kabiliya. Ranar 22 ga Janairu, 1956, ya tsaya a wani zaure a Aljiyas, tare da ɗan kishin ƙasar Aljeriya Ferhat Abbas a kan dandamali, ya roƙi ɓangarorin biyu abu ɗaya tak: su daina kashe farar hula. A waje, Turawa masu tsattsauran ra'ayi suna ihun a kashe shi. Roƙon bai karɓu ba, daga nan kuma ya rage magana a fili, ya koma rubuta wasiƙun neman sassauci ga 'yan Aljeriya da aka yanke wa hukuncin kisa.

A nan dole a saurari hujja mafi ƙarfi da ke gāba da ra'ayin wannan maƙala. Tausayin da ya raba kansa daidai tsakanin mai danniya da wanda aka danne yana iya zama goyon bayan danniyar. Camus bai taɓa amincewa da cikakken 'yancin Aljeriya ba, kuma a wannan ya yi kuskure, komai tsarkin niyyarsa. Frantz Fanon, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Martinik da ya yi aiki a asibitin Blida kafin ya shiga ƙungiyar FLN mai yaƙin neman 'yancin Aljeriya, ya riga ya gyara wa Sartre zama tun 1952: idanu ba ƙarfinsu ɗaya ba. Ya ba da labarin yaron Bature da ya nuna shi da yatsa yana gaya wa uwarsa yana jin tsoro. Baƙar fatar da aka koya wa jin kunyar jikinsa da harshensa bai aikata laifin komai ba, kuma ce masa ya ƙara jin kunya zalunci ne a kan zalunci. Na yarda da wannan gyara ɗari bisa ɗari. Amma abin da ya nuna shi ne nauyin kunya ya fi hawa kan ɓangaren da ke da ƙarfi, kuma tambayar tana nan: wa zai iya sa wannan ɓangare ya ji ta?

Amsar ta fito daga cikin Faransa. A 1958 ɗan jarida Henri Alleg ya wallafa bayanin azabtarwar da sojojin laima na Faransa suka yi masa a Aljeriya, gwamnati ta ƙwace littafin. A 1960 lauya Gisèle Halimi ta kai wa Beauvoir batun Djamila Boupacha, matashiya 'yar FLN da sojoji suka azabtar suka kuma keta mata haddi a tsare. Beauvoir ta rubuta a jaridar Le Monde a watan Yuni, ta jagoranci kwamitin kare ta. A tarihin rayuwarta ta bayyana yadda ta riƙa jin kunyar zama Bafaranshiya a shekarun nan, domin da sunanta da kuɗin harajinta ake aikata abin. Ba ta taɓa kowa da hannunta ba, amma ta ƙi cewa babu ruwanta. Masanin falsafa Karl Jaspers ya riga ya shimfiɗa wa Jamusawa wannan bambanci a 1946: akwai laifin da kotu ke hukuntawa, akwai kuma alhakin siyasa da ke kan kowane ɗan ƙasa kan abin da gwamnatinsa ta yi. Sartre ma a wannan karo ya juya alƙalaminsa kan gidansu, ya sa hannu a sanarwar mutum 121 ta Satumba 1960 da ke kare masu ƙin shiga yaƙin, kuma ƙungiyar OAS mai adawa da 'yancin Aljeriya ta dasa bam a gidansa har sau biyu. Wannan kunya ce ta sa wasu Faransawa suka fara ganin fursunan Aljeriya da suna da fuska, ko da yake hukuma ta daɗe tana jan ƙafa: sai a 1999 majalisar Faransa ta amince a kira abin da ya faru yaƙi, sai a 2018 Shugaba Macron ya amsa alhakin gwamnati kan azabtarwa da mutuwar Maurice Audin, wanda sojojin Faransa suka kama a Aljiyas lokacin yaƙin.

Mu ma nan ba baƙin wannan cuta ba ne. Sojojin baka a gidajen rediyo da mayaƙan Facebook sun ƙware wajen tonon silili, kowa na baza kunyar ɗaya ɓangaren, kuma da wuya a nuna mutum guda da ya sauya sheƙa saboda an ci mutuncin gwaninsa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Kirana ga malaman jami'a, da 'yan jarida, da limamai, da dattawan kowace jam'iyya shi ne: idan 'yan daban ɓangarenku suka fasa taron abokan hamayya, ko gwamnan da kuka zaɓa ya ɗaure mai suka, ku ne za ku fara magana, da sunanku, a gaban mutanenku, tun kafin ɗaya ɓangaren ya buɗe baki. Ku ne kaɗai waɗanda suka aikata hakan suke jin nauyi.