Majigi da Yaƙi da Jahilci: Darasin da Ya Rage Mana

Tun kafin talabijin ta shigo Arewa, talakawa sun san karatun da ake yi da ido da kunne. Sunansa majigi, kalmar da aka aro daga sunan wata tsohuwar fitilar haska hotuna ta Turawa.

A shekarun 1920 ne William Sellers, jami'in lafiya a Legas, ya fara amfani da fim wajen faɗakarwa kan annoba. A 1939 Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka, ta ɗora shi a kai. Daga baya motocin majigi suka riƙa ratsa gundumomi. In magariba ta wuce sai a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, a nuna tsafta, rigakafi da noma. Har yau dattawa na tuna Baban Larai, fim ɗin da aka yi kan noman auduga.

Ƙarfin majigi shi ne bai tambayi kowa takardar shaida ba. Manomi, almajiri, tsohuwa da yaro duk suna ɗaukar wani abu. Amma hoto bai taɓa wadatarwa shi kaɗai ba. Sai da mai sharhi ya tsaya da lasifika yana warware ma'ana da Hausa, kuma da mota ta tashi, darasin ya bi ta.

Wannan giɓi ne gangamin Yaƙi da Jahilci na farkon shekarun 1950 ya nemi cikewa. Hukumar NORLA a Zariya ta buga ƙananan littattafai da jaridu cikin harsunan Arewa, domin wanda ya koyi baƙi ya sami abin karantawa a gida. An rufe ta a 1959, sai aikin ya raunana.

A yau wayar da ke aljihun malamin firamare a Dawaki, ko a kowane ƙauye na Rano da Kibiya, ta fi motar majigi ɗaukar hotuna. Sai dai sharuɗɗan ba su sauya ba. Hoto zai jawo ɗalibin da rubutu ya gagara, amma yana bukatar malami mai bayani cikin harshen yaro, da littafin da zai kwana a hannunsa. Duk shirin da ya sayi na'ura ya manta da waɗannan biyun, majigi ya sake kawowa.