Kyarkecin Yellowstone: kora ta fi dawowa sauƙi

Idan kana Ƙaraye ko Rogo, tambayi wani dattijo rabonsa da jin kukan kura a bayan gari. Sai ya tsaya ya ƙirga shekaru. Kyarkeci kuwa, wato karen dajin nan mai dabbare-dabbare da ke farauta garke guda, sunansa kawai ya rage mana. Da wannan sunan muke kiran wani danginsa na ƙasashen sanyi, wanda Amurka ta kashe, daga baya kuma ta je ta nemo shi.

An kafa gandun dajin Yellowstone a 1872. A wancan zamani kyarkeci maƙiyi ne, ma'aikatan gwamnati da kansu ke bin sa da bindiga da guba, har aka gama da na ƙarshe a gandun a 1926. Daga nan sai wata babbar barewa mai suna elk, wadda girmanta ya kai na gwanki, ta samu sake. Ta yi yawa, ta cinye ƙananan itatuwan bakin rafi. Hukumar gandun ta riƙa rage ta da bindiga, ta daina a 1968, kuma zuwa 1994 garken arewacin gandun ya kai kusan 19,000.

A 1995 aka kawo kyarketai 14 daga Kanada, aka ƙara 17 a 1996. Zuwa 2013 garken elk ya koma kusan 4,000. Masana irin su William Ripple da Robert Beschta suka ce ga sakamako: elk ta ragu, tana kuma tsoron daɗewa a bakin ruwa, itatuwa sun farfaɗo. Wataƙila ka taɓa ganin bidiyon 2014 da ya ce kyarketai sun canza hanyar koguna.

To amma maganar ba ta tsaya nan ba. Ba kyarkeci kaɗai ya rage elk ba, akwai mafarauta a wajen gandun, da sauran namun daji masu cin nama, da fari. Sannan a 2024 Tom Hobbs da abokan aikinsa suka fitar da binciken shekara 20, inda suka ga itatuwan ba su koma yadda suke ba a wurare da dama. Dalili? Akwai wata dabbar ruwa, biba, mai datse rafi da itace. Da elk ta cinye itatuwan sai biba ta ƙaura, rafi ya zaizaye ya yi zurfi, danshin ƙasa ya ja da baya. Kyarkeci ya dawo, amma ba shi da ikon dawo da ruwa.

Ga kuma makiyaya, waɗanda su ke tashi da safe su tarar da gawar maraƙi. Wata ƙungiya, Defenders of Wildlife, ta fara biyansu diyya tun 1987, duk da haka rigima ba ta kwanta ba. A 2011 majalisar dokokin Amurka ta cire kariyar kyarkeci a jihohin Montana da Idaho, aka ci gaba da farautarsa. A Colorado kuwa sai da aka yi ƙuri'a a 2020, masu son a dawo da shi suka yi nasara da ƙyar.

Ina ruwanka da wannan? Muna da dajin Falgore a kudancin Kano, muna da 'yan zakunan da suka rage a Yankari da Kainji. Ranar da wani ya ce a dawo da dabbar da ta ɓace, ka yi masa tambaya biyu: dajin da ta bari yana nan yadda yake? Kuma idan ta kashe akuyar Bafulatani, wa zai biya? Amurka da duk kuɗinta ta shekara 30 tana fama da su. Kare wadda ke raye a yau ya fi arha nesa ba kusa ba.