Tarihin Gardamar Imani Tsakanin Sabon Gari Da Samaru

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne wani littafi da na fara na kasa gamawa. Tauraron labarin ɗalibi ne a Samaru, mahaifiyarsa ta rasu bayan doguwar jinya, ya wayi gari yana tambayar kansa a ɓoye ko ana ma jin addu'ar da ya yi ta kwarara mata. Na kai wajen shafi arba'in sai alƙalami ya cije. Dalili kuwa shi ne a littattafanmu mutum iri biyu ne, ko na Allah ko mai bin boka, kuma shi kansa mai bin bokan ba musun akwai Allah yake yi ba, gani yake hanyar ta yi masa tsawo. Da na kai kukana wurin wani abokina marubuci sai ya yi dariya, ya ce in yar da littafin, wai Bahaushe ba ya shakka, wannan ciwon Turawa ne. Maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na koma na bi tarihin hanyar nan da ta tashi daga Sabon Gari, ta bi ta Kwangila da Palladan, ta dire a Samaru.

Amma bari mu fara leƙa cikin ganuwa. Tun 1808, lokacin da Malam Musa ya zo da tutar Shehu ya karɓe Zazzau, Sarki Makau ya yi kudu, birnin Zariya ya zauna a kan tsari guda na malamai da zaure da littattafan Malikiyya. Sai dai ko a zamanin Shehun an yi wata gardama da ba a cika faɗa wa yara ba. Akwai wasu ɗalibai masu ilmin tauhidi da suka riƙa tare talakawa suna yi musu tambayoyi a kan siffofin Ubangiji, wanda ya kasa kawo hujja irin ta littafi sai su ce shi ba Musulmi ba ne, kada a ci yankansa, kada a ba shi aure. Shehu Usmanu bai goyi bayansu ba. Ya rubuta littattafai masu yawa yana yi musu raddi, yana nuna cewa imanin manomi da tsohuwa ya inganta ko da ba su iya jero hujjoji ba. Ke nan tambayar nan ta wane ne mai imani, kuma wa ke da ikon auna shi, ta girmi zuwan Bature nesa ba kusa ba.

Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife shi. Da dogo ya iso Zariya a 1911, sai ga akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga Ikko da ƙasar Ibo, har da mutanen Saliyo da Gwalkwas. Turawa suka yanka musu wuri a wajen ganuwa don kada su cakuɗu da mutanen birni. Abin da ya bambanta Sabon Garin Zariya da na Kano shi ne Hausawa Musulmi sun cika shi tun da wuri, saboda haka a layi ɗaya za ka ga coci, ka ga masallacin Yarbawa, ka ga gidan magajiya inda ake kiɗan garaya ana hawan bori, ga kuma gidan giya. Mutanen birni suka raɗa wa wannan zama suna bariki, ɗan da ya tare a can kuma an yi asararsa. Ni dai a ganina ba lalacewa kaɗai ke cikin barikin ba. A nan ne Bazazzagi ya fara zama maƙwabcin mutumin da ke kiran Allah da wani suna, ya ga kuma mutumin yana biyan bashi, yana zuwa gaisuwar mutuwa. Wanda ya ga haka dole wata tambaya ta ɗarsu a zuciyarsa, ko da bai furta ba.

Akwai wasu mutane da labarinsu ya fi ba ni mamaki, su ne Isawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo an yi wani Malam Ibrahim wanda ya yi ta bin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa (AS) a cikin Alƙur'ani, har ya ɗauki wata fahimta game da matsayinsa wadda malaman fada suka ce ta fita daga hanya. Aka nemi ya janye ya ƙi, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Ka lura mai karatu, mutumin nan bai taɓa ganin ɗan mishan ba, allo da tawada ne suka kai shi inda ya je. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila, wato Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ke zaune cikin birnin Zariya tun 1905 yana fama da Sarki Aliyu ɗan Sidi. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, ciwon barci ya faɗa musu ya kashe da yawa. A 1929 mishan ya tashi daga birni ya koma Wusasa, a 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Daga wannan ƙaramar al'umma ta Wusasa aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko a Arewa, a nan kuma Yakubu Gowon ya tashi.

To, sai Samaru. Asalinta gonar gwaji ce ta Turawan aikin gona tun 1922, kafin Sardauna ya buɗe jami'a a watan Oktoba na 1962. Ga wani abu da yaran yanzu za su ɗauka ƙirƙira ce irin tamu ta marubuta. Daga 1966 zuwa 1975 shugaban jami'ar Sardauna Bahaushe ne Kirista, Farfesa Ishaya Audu, haifaffen Anchau, wanda ya yi karatu a Wusasa. A daidai wannan lokaci babban malamin tarihi na jami'ar Bature ne ɗan Ingila, H.F.C. Smith, wanda ya yi ta karanta littattafan Shehu da Abdullahi da Bello har ya musulunta ya zama Abdullahi Smith. Bahaushe na zuwa coci ranar Lahadi, Bature na zuwa masallaci ranar Juma'a, ranar Litinin su haɗu a taron majalisar jami'a.

Cikin ɗaliban Abdullahi Smith akwai Yusufu Bala Usman, jikan Sarkin Katsina Dikko, wanda aka haifa a Musawa a 1945. Shi da abokansa, irin su Patrick Wilmot ɗan Jamaika mai koyar da ilmin zamantakewa, su ne suka mayar da Samaru cibiyar 'yan ra'ayin gurguzu a shekarun 1970. Suna karantar da Karl Marx da Frantz Fanon, suna cewa tarihi ba ya tafiya sai da dalili na abinci da ƙasa da mulki, kuma talaucin talaka ba daga sama ya faɗo ba, akwai hannun da ya ƙulla shi. A cikin gari sai aka yanke hukunci a taƙaice, aka ce 'yan kwaminis ne, ba su yarda da Allah ba. Iyaye suka riƙa ja wa 'ya'yansu kunne kafin su tafi makaranta.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin a nan ne aka fi yin kuɗin goro. Babu shakka an sami ɗaliban da karatun nan ya girgiza su, suka saki salla, wasu na ɗan lokaci, wasu har tsufa. Amma mafi yawan abin da aka kira rashin imani a Samaru ba musun samuwar Ubangiji ba ne. Tambaya ce a kan ƙaddara. Idan hakimi ya ƙwace gonar talaka, malami ya ce masa ya yi haƙuri haka Allah Ya so, shin Allah ne Ya so ko hakimi? Wannan tambaya ba Marx ya kawo ta ƙasar Hausa ba, 'yan NEPU sun yi ta tun 1950, kuma malamai ne da yawansu, Malam Aminu Kano da ayoyi yake kafa hujja. Shi kansa Bala Usman aikinsa na digiri a kan tarihin Katsina ne da jihadi, kuma da Balarabe Musa na PRP ya ci gwamnan Kaduna a 1979 shi ya zama sakataren gwamnati. Sai dai a wurin mai mulki, wanda ya yi shakkar hakimi da wanda ya yi shakkar Allah gara a haɗa su a ɗaure da igiya ɗaya, ya fi sauƙi.

Martanin da ya fi ƙarfi bai fito daga birni ba, daga cikin ɗakunan kwanan ɗalibai ya fito. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS ta yi ƙarfi ƙwarai a lokacin da ake cacar baki kan shari'a a majalisar tsara tsarin mulki ta 1977 zuwa 1978. A 1978 aka kafa Izala a Jos, a 1979 aka yi juyin juya hali a Iran. Wani ɗalibin tattalin arziki ɗan Zariya, Ibrahim Yaƙubu Zakzaky, ya zama bakin masu cewa ba gurguzu ba jari-hujja, Musulunci kaɗai, kuma jami'a ta kore shi a 1979 bai karɓi digirinsa ba. A ɗaya ɓangaren su ma ɗalibai Kiristoci na FCS sun sami sabon zafi na masu cewa an sake haihuwarsu, ba su yarda da addinin gado na zuwa coci ranar Lahadi kawai ba. Abin lura shi ne dukkan ɓangarorin nan uku yaran boko ne, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ɗaya suke shiga, kuma kowannensu ya raina imanin iyayensa, yana ganin na gargajiya ne marar hujja. Da Shehu zai dawo da ya gane irin tambayoyin.

Ranar da abin ya fashe ba a Zariya aka kunna ashanar ba. A watan Maris na 1987, a Kwalejin Ilmi ta Kafanchan, wani mai wa'azi, Rabaran Abubakar Baƙo, wanda asalinsa Musulmi ne, ya ɗauko ayoyin Alƙur'ani yana fassarawa a taron ɗalibai Kiristoci. Wata ɗaliba Musulma ta tashi ta ƙalubalance shi, faɗa ya kaure, ya fita cikin gari, aka kashe mutane aka ƙona masallatai. Cikin 'yan kwanaki wutar ta iso Kaduna da Funtuwa da Zariya. A Sabon Gari da Samaru an ƙona coci-coci da otal-otal masu yawa, har wurin ibadar Kiristoci na cikin jami'a bai tsira ba. Shekara 120 bayan Malam Ibrahim, maganar dai ita ce wa ke da izinin buɗe Littafi ya faɗi abin da ya fahimta. Ina ƙarami a lokacin, abin da na riƙe shi ne an hana mu fita, da kuma wata maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai da ta kwashe kayanta ba ta sake dawowa ba.

A wannan shekarar Bala Usman ya fitar da littafinsa a kan yadda ake juya addini don biyan buƙata a Nijeriya daga 1977 zuwa 1987. Hujjarsa ita ce manyan da ke wawure dukiyar ƙasa su ke rura wutar don kada talakan Musulmi da talakan Kirista su haɗa kai su tambaye su. Na yarda da shi kashi mai yawa, amma ba duka ba. Yaron da ya ɗauki galan ɗin fetur ba kullum ne aka biya shi ba, wani da zuciya ɗaya ya yi, yana ganin aikin lada ne, kuma wannan ya fi ban tsoro. Gwamnatin Babangida dai ba ta tsaya muhawara ba. A 1988 aka kama Wilmot aka sa shi a jirgi aka fitar da shi daga ƙasar, a 1989 aka sallami Bala Usman daga aiki sai da kotu ta mayar da shi. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe a 1991 sai kasuwar gurguzu ta watse gaba ɗaya, fili ya rage wa masu wa'azi.

Su ma masu wa'azin ba su zauna lafiya ba. Almajiran Zakzaky sun rabu a shekarun 1990 da ta bayyana ya karkata ga Shi'a. A watan Fabrairu na 2014 'yan bindiga suka kashe Shaikh Muhammad Auwal Albani a Zariya tare da matarsa da ɗansa. A Disamba 2015 sojoji suka yi arangama da mabiya Zakzaky, aka rushe Husainiyya, kuma gwamnatin Kaduna da bakinta ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya. Shi kuwa mai musun addini a fili, wanda abokina ya ce babu shi, ya bayyana da sunansa a Kano. Mubarak Bala ya ce ya bar addini a 2014, an kama shi a Kaduna a 2020 saboda rubutunsa a Facebook, kotu ta ɗaure shi shekara 24 a 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar a 2024, daga baya aka sake shi. Ban yarda da abin da ya rubuta ba, kuma yadda ya rubuta shi ya ɓata wa mutane rai ƙwarai. Amma ɗalibin cikin littafina ba shi ba ne. Nawa bai zagi kowa ba, uwa ya rasa, kuma irinsa suna nan a sahun salla ba su da wanda za su gaya wa. Mu marubuta da muka ga an cinna wa littattafanmu wuta a Kano a 2007 a kan soyayya kawai, kowa ya san dalilin da ya sa muke kauce musu.

Ishaya Audu, bayan ya yi ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983 ya kuma sha tsare a hannun soja, Samaru ya koma ya buɗe ɗan asibitinsa yana duba marasa lafiya, Musulmi da Kirista. Ya rasu a ƙarshen watan Agusta na 2005. Ba a cika wata guda ba, ranar 24 ga Satumba, Bala Usman ya bi shi.